Uwar mijina Kirista ce, kuma ta daina cin abincin gidana

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kaduna, shekarata 11 da aure, 'ya'yanmu uku. Mijina Bajju ne daga kudancin jihar, ya musulunta tun yana makaranta, kafin mu haɗu. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuwa har yau Kirista ce, 'yar Zumuntar Mata. Da can sai dai mu je gaishe ta mu kwana ɗaya mu dawo, ba mu taɓa saɓawa ba. Bayan Babbar Salla ciwon suga da hawan jini suka kwantar da ita, sai ya ɗauko ta zuwa gidanmu don ta riƙa ganin likita. Ni nake mata girki, ni nake kai ta asibiti.

Anti, wallahi ban ƙi ta ba. Amma kullum da sassafe tana addu'a da ƙarfi, da yamma kuma ta ɗauko littafin waƙoƙinta, har autata mai shekara 4 ta fara bin ta. Ran nan na ji yarinyar tana rerawa a tsakar gida. Matan cocinsu sun zo dubiya, suka yi addu'a a falona, maƙwabta suna ji. Da na gaya wa Hajiyata sai ta ce in ware mata kwano da kofi da cokali, in hana yara shiga ɗakinta. Hajiya ta rasa ƙaninta a rikicin 2000, dama da ƙyar ta yarda da aurena. Na ware kwanukan ban gaya wa kowa ba. Mama, wato uwar mijin nawa, ta lura, amma ba ta ce komai ba.

Sai makon jiya babban ɗana mai shekara 9 ya dawo daga Islamiyya ya ce mata, "Kaka, in kika mutu wuta za ki." Ta yi kuka, ta ce mun ƙwace mata ɗa, yanzu kuma mun koya wa jikokinta ƙyamarta. Tun ranar shayi kawai take sha, ta ce a mayar da ita gida kafin Kirsimeti. Maigidan ya gane zancen kwanukan. Bai yi faɗa ba, amma gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, in na ɗauko maganar sai ya ce "ki bari kawai."

Ina tsoron Allah ya kama ni a kan tarbiyyar 'ya'yana, ina kuma jin kunyar matar nan. In bar ta ta tafi ne? Ko ni ce mai laifi?

Daga ƙanwarki a Kaduna.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin a kai ga zancen mai laifi, akwai abin da ba zai jira gobe ba. Tsohuwa mai shan maganin suga ba ta zama da ruwan shayi kaɗai. Wasu magungunan suna ci gaba da sauke suga ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma in ya sauka ƙwarai sai ki ga gumi, jiki na rawa, magana ta rikice, wani ma sai dai a ga ya faɗi. A auna sugarta yau, a sanar da likitan da ke duba ta cewa ta rage ci, shi zai faɗi yadda za a yi da maganin. In a yanzu ba za ta karɓa daga hannunki ba, kada ki ji zafi. Ki zuba, ɗanta ya ɗauka ya shiga ɗakin, ya wanke hannu su ci a kwano ɗaya. Da wuya uwa ta ga ɗanta ya zauna a gabanta ya ce ba zai sa loma ba sai ta sa, ta kuma kau da kai.

Na karanta wasiƙarki ban ga muguwar mace a ciki ba. Watanni ke nan kina girki biyu, na gida da na mai ciwon suga, kina zaman layin asibiti da matar da ba ita ta haife ki ba. Wannan nauyi a wuyan ɗanta yake, ke alheri kike yi, kuma Allah ba ya mantuwa. Tsoron da kike yi wa 'ya'yanki ma tsoro ne na uwa ta gari. Na fara da wannan ne don abin da zan faɗa yanzu yana da ɗaci.

Ware kwanukan nan kuskure ne babba, kuma addini bai sa ki ba. A suratul Ma'ida, aya ta 5, Allah ya halatta mana abincin ma'abota Littafi, ya halatta musu namu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a wata tafiya ƙishirwa ta kama Sahabbai, aka gamu da wata mata mushrika ɗauke da salkunan ruwa a kan raƙumi, Manzon Allah (SAW) ya sa aka sha daga ruwanta, har ya ba wani mai janaba ya yi wanka da shi. Hadisin da wasu ke kafa hujja da shi, na Abu Sa'alaba, inda aka ce a wanke kwanukan ma'abota Littafi kafin a ci a ciki, ruwayar Abu Dawuda ta bayyana dalilinsa: tukwane ne da ake dafa naman alade a ciki, da ƙoƙunan shan giya. Mama kuwa daga tukunyarki take ci, abin da kika dafa da bismillarki. In wani ya kawo miki ayar suratut Tauba da ta ce mushrikai najasa ne, mafi yawan malaman tafsiri sun ce ƙazantar aƙida ake nufi, jikin ɗan Adam da yawunsa da guminsa masu tsarki ne.

Kin ce ta lura ba ta yi magana ba. Ki tsaya a nan kaɗan. Kofi ɗaya ne yake zuwar mata kullum, an ajiye shi gefe guda, ba ya shiga kwandon wanke-wanke sai an gama da na kowa. Jikarta ta miƙa hannu za ta sha ragowar ruwanta, aka yi saurin janye ta. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san wa ake ware wa kwano: mai tarin fuka da mai kuturta. Ta fahimci saƙon tun ranar farko, ta haɗiye, saboda ba ta son ta haɗa ɗanta da matarsa. Maganar yaron ta zo ne ta tarar da zuciya a cike.

Sai ki san matsayin wannan mata a wurin mijinki, domin daga nan komai zai warware. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya musulunta, mahaifiyarsa ta rantse ba ci ba sha sai ya bar addinin. Hukuncin da Alƙur'ani ya zo da shi, kamar yadda yake a suratu Luƙman aya ta 15, shi ne idan iyaye suka matsa wa ɗa ya yi shirka kada ya bi su, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Wannan fa iyayen da suke yaƙar imanin ɗansu ke nan. Mama ba ta taɓa cewa ɗanta ya bar salla ba, ba ki rubuta haka ba. Asma'u 'yar Abubakar ita ma mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan shirkarta, tana neman alheri, ta tambayi Annabi (SAW), ya ce ta sada zumunci da uwarta. Risala, wadda ake karantawa a kowane zaure a ƙasar Hausa, ta lissafa biyayyar iyaye cikin farillai ko da mushrikai ne: a yi musu magana mai taushi, a zauna da su da kyau, sai dai ba a bin su cikin saɓon Allah. Malaman Malikiyya sun kuma ce ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa ko da addini bai zo ɗaya ba. Saboda haka da mijinki ya ɗauko uwarsa ya kawo ta asibiti, farilla ya sauke. Duk abin da kika yi wanda ya sauƙaƙa masa, kin taya shi bauta wa Allah.

Yanzu ki ɗan zauna a wurin Mama. Ta haifi yaro, ta raɗa masa suna, ta riƙe hannunsa zuwa makarantar Lahadi, wata rana ya dawo hutu da wani suna da wani addini. Ki tambayi kanki, da yayanki ne ya yi haka ta ɗaya ɓangaren, yaya Hajiya za ta kwana? Abin da Hajiya za ta ji game da lahirar ɗanta, shi Mama take ji shekara da shekaru, don ita ma da gaske take riƙe da abin da ta yi imani da shi. Duk da haka ba ta tsine masa ba, ta karɓe ki, ta ɗauki 'ya'yanki a cinya. "Kun ƙwace mini ɗa" tsohon ciwo ne da ta daɗe tana rufewa, ba da ke kaɗai take ba. Ga shi kuma kin san yadda Kaduna ta koma tun bayan 2000, Musulmi suka tattaru a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka koma Sabon Tasha da Television da Narayi, kogi ya zama iyaka. Idan a unguwar Musulmi kuke, to tsohuwar nan ita kaɗai ce irinta a layin, ba gonarta, ba ƙawayenta, ba mai yi mata yarensu sai ɗanta da ke fita tun safe. Addu'ar safen nan da littafin waƙoƙin su ne kawai abin da ta taho da shi daga gida.

Abin da ya fi dacewa shi ne ki fara ba ta haƙuri, ke da kanki, kuma kada ki jira maigida ya ce. Ki zaɓi lokacin da yara suka tafi makaranta, ki shiga ki durƙusa kamar yadda za ki durƙusa wa Hajiya, ki ce, "Mama, na yi miki ba daidai ba a kan kwanukan nan, ki yafe mini. Ni 'yarki ce." Kada ki ce wance ce ta sa ki, kada ki kawo hujja. Sannan ki zuba ruwa a kofin nan nata ki sha a gabanta, ki mayar da shi cikin na kowa. Mai yiwuwa ba za ta sake a ranar ba. Ki ba ta lokaci, ki ci gaba da gaisuwar safe da tambayar yadda ta kwana da jiki.

Yaron kuwa kada a dake shi. Abin da ya ji ya maimaita, wataƙila ma tsoro ne ya kama shi don yana son kakarsa. Ki zaunar da shi ki tambaye shi me aka faɗa a aji, da wa ya faɗa. Ba sai kin rage masa komai daga aƙida ba. Ki gaya masa mu Musulunci muka yarda shi ne gaskiya, a kansa muke fatan mutuwa, amma babu wanda ya san yadda wani zai cika sai Allah, kuma yanke wa mutum wuta ko aljanna ba aikin bawa ba ne. Ki ba shi labarin Annabi Musa da Haruna, da Allah ya aike su wurin Fir'auna ya ce su yi masa magana mai taushi. Ki ba shi labarin gawar Bayahuden da aka wuce da ita Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Yaro mai shekara 9 zai gane cewa wadda ta haifi babansa ta fi cancantar taushin baki. Daga nan babansa ya kama hannunsa su je ya durƙusa ya ce "Kaka, ki yi haƙuri." Zai yi kyau kuma maigida ya leƙa Islamiyyar ya gana da malamin cikin mutunci, ya sanar da shi cewa a ajinsa akwai yaron da kakarsa Kirista ce. A Kaduna da Jos da Bauci da Yola irin waɗannan yara suna da yawa, malami mai hankali zai gode da tunin.

Zancen waƙar da auta ke rerawa, a nan kina da gaskiya, kuma ba zan ce ki kau da kai ba. Tarbiyyar addinin yaran nan hakkinki ne da ubansu, kaka ba ta da hurumin koya musu ibadar wani addini. Sai dai ki rage fargaba. Waƙoƙin cocin nan da Hausa suke, shi ya sa suka shige kunnen yarinyar da sauri, kuma 'yar shekara 4 duk abin da ke da amo ɗauka take, har tallan rediyo. Da wuya a ce Mama ta zauna ta shirya juya miki 'ya. Maganin shi ne a faɗa mata, amma ba daga bakinki ba, kuma ba a zaman ban haƙuri ba. A bari sai ta koma cin abinci, fuska ta sake, sannan ɗanta ya zauna da ita su biyu ya gaya mata da yarensu: addu'arta da waƙarta babu mai hana ta, ɗakinta nata ne, roƙonsa kawai in za ta yi ta tura ƙofa, kada yara su zauna a lokacin. Ya kuma roƙe ta abin da ita kaɗai za ta iya ba su. Ta koya musu gaisuwa da ƙirga da harshen Jju, yaren Bajju, ta gaya musu sunayen kakanninsu da labarin garinsu, ta koya wa ta tsakiyar yadda ake faten acca. Wannan gadonsu ne, jininsu ne, babu abin da ya taɓa a imaninsu, kuma in tsohuwar nan ta tafi da shi ba za su same shi a wurin kowa ba. Ke kuma ki cika kunnen auta da naki: Ƙulhuwallahu da addu'ar barci da waƙoƙin Islamiyya, kina yi tana bi. Hana yara shiga ɗakin kakarsu gaba ɗaya kuwa, kada ki soma. Yanke zumunci ne, kuma abin da aka hana yaro shi yake leƙe.

Mijinki ya yi shiru, kuma shirun nan yana cutar da ku duka. Amma ina so ki gane daga inda ya fito. Wanda ya musulunta a cikinmu sau da yawa yakan rayu kamar mai jarrabawar da ba ta ƙarewa. In ya kare uwarsa, yana tsoron surukai su ce dama Musuluncin bai zauna ba. In ya goyi bayanki, ya ci amanar wadda ta sha wahalarsa, alhali dama yana ganin ya riga ya sa ta kuka sau ɗaya a rayuwa. Sai ya zaɓi "ki bari kawai." Ke ce za ki iya cire masa wannan tsoro. In dare ya yi, yara sun kwanta, ki ce masa, "Abban yara, na ba Mama haƙuri, kai ma ina ba ka. Uwarka uwata ce. Amma akwai abubuwan da ke damuna game da yara, kuma ba zan iya faɗa mata ba, sai kai." Da ya ji ba kya neman ya zaɓa tsakaninki da ita, bakinsa zai buɗe. Shi ma akwai gyara a kansa. Ya kawo mara lafiya ya bar miki komai, bai zauna ya tsara yadda zaman zai kasance ba, bai tambaye ki abin da ya yi miki nauyi ba. Ki gaya masa wannan ba tare da gori ba, ki nemi ya karɓi wasu ranakun asibiti, ya kuma ware lokacin hira da uwarsa kullum ko na rabin awa ne.

Hajiya kuwa, Allah ya jiƙan ƙaninta. Wanda bai binne nasa a irin wannan rikici ba bai kamata ya yi mata wa'azin haƙuri da sauƙin baki ba. Sai dai Mama ba ita ta kashe shi ba, kuma in kika zauna da mutanen Zonkwa da Kafanchan da Zangon Kataf, Kirista da Musulmi, kowa zai lissafa miki nasa gawarwakin, daga 1987 zuwa 1992 zuwa 2011. Allah da kansa ya raba mana a suratul Mumtahana aya ta 8, ya ce bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. A garinku Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suke. A rikicin 1992 Imam ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, Fasto ya rasa hannu, suna gaba da juna, amma daga 1995 suka haɗu suna aikin sulhu tare, kowa na kan addininsa. Ba na cewa ki je ki karanta wa Hajiya wannan. Uwa ce, ba a yi mata gardama. Ki dai rage kai mata rahoton duk abin da ya faru a gidanki. In ta tambaya ki ce, "Hajiya, na yi tambaya, an ce babu laifi a kwano ɗaya, kuma ina tsoron hakkin uwar miji. Ki sa mini albarka." In akwai malamin da take jin maganarsa, shi ya fi dacewa ya yi mata bayani. Wata rana ma, in zukata sun yi sanyi, ki roƙe ta ta zo dubiya. Tsofaffi biyu masu ciwon ƙafa da jikoki ɗaya ba sa rasa abin hira.

Maƙwabta ba za su rasa abin faɗa ba ko me kika yi. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa da ke Barikin Ladi, Imam Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa lokacin da ake bin su za a kashe, kuma babu mai hankalin da ya ce limancinsa ya ragu. Ke dubiya kawai aka zo yi a gidanki. Annabi (SAW) da kansa ya je dubiyar yaron Bayahude da ke yi masa hidima. Abin da za ki yi shi ne tsari: maigida ya roƙi matan su riƙa sanarwa kafin su zo, su zo su kaɗan, a shimfiɗa musu a ɗakin Mama, addu'a a yi ta a can cikin sassauta murya saboda unguwa. Ke ki gaishe su, ki kai musu ruwa da zoɓo, ki koma harkarki. In ta nemi zuwa coci ranar Lahadi, malamai da yawa ba sa son ɗa Musulmi ya kai da kansa, amma tsare ta ma ba hakkinsa ba ne. Matan Zumuntar nan ko wani ɗan uwa a Sabon Tasha zai iya zuwa ya ɗauke ta ya dawo da ita.

Akwai abu ɗaya da nake so ki kiyaye, don na san za a ba ki shawararsa. Za a ce ki kyautata mata don ta musulunta. Fatan shiriya ga wanda kake so abu ne mai kyau, Abu Huraira ya je yana kuka ya roƙi Annabi (SAW) ya yi wa uwarsa addu'a, Allah kuma ya karɓa. Ki yi mata a sujjadarki, mijinki ma ya yi. Amma kada hidimarki ta zama ciniki, kada a riƙa turo mata masu wa'azi tana kwance ba ta da ƙarfin cewa a'a. Babu tilas a addini, haka suratul Baƙara ta ce, kuma an gaya wa Annabi (SAW) game da baffansa Abu Ɗalib cewa ba shi ke shiryar da wanda yake so ba. Tsohuwa tana gane alherin da aka ɗaura wa igiya. Ko ta musulunta ko ta mutu a kan abin da take kai, girman da za ki ba ta ɗaya ne, domin ta haifi mijinki kuma baƙuwarki ce mara lafiya.

To in bayan duk wannan ta ce sai ta tafi fa? Ki bar ta ta je, amma ta tafi a matsayin mai zuwa ganin gida. Son yin Kirsimeti cikin danginta ba laifi ba ne, ke ma ba za ki so yin Salla a inda babu mai yi ba. Kada dai ta fita da fushi. Ɗanta ya raka ta da kansa, da maganin wata guda, da na'urar awon suga, da wanda aka koya wa amfani da ita a can, da ranar komawa asibiti a rubuce. Ki haɗa mata kayan abinci da turmin atamfa daga hannunki, ki ce ɗakinta na nan ba mai taɓawa. Bayan biki ku je da yara ku gaishe ta kamar yadda kuka saba. Idan kuma kuka gwada kuka ga zaman gida ɗaya yana ci gaba da haifar da ɓacin rai, babu abin kunya a nema mata ɗaki kusa da wata 'yarta ko danginta a cikin gari, maigida ya ɗauki haya da abinci da magani, ku riƙa zuwa duk mako. Wannan ma kyautatawa ce, muddin da yardarta aka yi.

In maigida ya ƙi zama ku yi maganar, kada ki kai ƙararsa gidan Hajiya, zai ƙara rufewa ne. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, malamin da ya musulunta a hannunsa ko dattijon da ya tsaya masa a matsayin uba ranar ɗaurin aurenku, ki gaya masa komai har da zancen kwanukan, ya kira ku ku biyu. Allah ya ba Mama lafiya, ya shirya miki zuri'a, ya daidaita tsakaninku.